Shinkafar da Karotu Ya Zubar a Teku

Karotu mutumin tsibirin Nonouti ne a ƙasarmu Kiribati, da kifi da kwakwa aka raine shi kamar kowane ɗa na zamaninsa. Ranar da ya sauka a Betio don shiga makarantar ma'aikatan jirgin ruwa yana ɗan shekara ashirin, in ya tuɓe riga haƙarƙarinsa duk a waje suke, amma babu bishiyar kwakwar da ke gagararsa hawa. Bayan shekara ashirin da uku a teku nauyinsa ya kai kilo ɗari da goma sha huɗu, in zai ɗaure igiyar takalmi sai ya riƙe numfashi. A wajenmu babu wanda ya ga aibu a cikin wannan. Duk zuwan da zai yi hutu mata sukan tare shi a hanya suna cewa jirgi ya karɓe shi, mahaifiyarsa kuwa ta kama damtsensa tana matsawa tana nuna wa maƙwabta. Haka muke. Wanda ya tafi ya dawo da ƙiba an riƙe shi da amana, wanda ya dawo a rame kuma sai a fara tambayar wa ya cuce shi.

A shekarunsa na farko 'yan Kiribati sukan kai goma sha biyu ko sha huɗu a jirgi ɗaya, da kukunsu da ɗakin cin abincinsu. Mutumin da a gida sai ranar biki yake ganin kaza, ga shi ana zuba masa soyayya safe da rana da yamma, ga shinkafa tudu guda, ga lemon gwangwani a firji ba mai hana ka, ranar Lahadi har da askirim. Turawan da ke sama kuwa, kyaftin da hafsoshinsa, sai ka ga an kai musu ɗanyen ganye a faranti, abin da mu alade muke watsa wa, mutanenmu suna leƙe suna ƙunshe dariya. Ba wanda ke cin abinci shi kaɗai. A ci ana ba'a, a ƙara, a tashi a koma kankare tsatsa da shafa fenti, da yamma a taru a bayan jirgi a yi waƙoƙin gida har muryoyi su dushe. Karotu ya sha faɗa cewa a shekarun nan bai taɓa jin yana nesa da gida ba.

Sannu a hankali kamfanin ya fara rage mutanenmu yana ɗaukar 'yan Filifin. Daga sha biyu aka koma shida, daga shida aka koma uku. Jirgin da ya hau na ƙarshe na dakon kwantena ne, yana zirga-zirga tsakanin Auckland da Brisbane da Singafo, kuma su biyu ne kawai a ciki, shi da Taboia, helman ma'aikatan jirgin. Wata biyu da tafiya wa'adin Taboia ya cika ya sauka, aka kawo ɗan Filifin a madadinsa. Karotu ya rage shi kaɗai cikin mutum ashirin da ɗaya.

Tsakani da Allah ba wanda ya cuce shi. Suna gaishe shi, suna neman shi in an zo jan igiya mai nauyi, don ƙarfinsa na mutum biyu ne. Amma da zarar an zauna cin abinci sai su juya harshensu, wani ya faɗi magana ɗakin ya fashe da dariya, shi kuma ya yi murmushi bai san abin da aka ce ba. Sai ya yi mako uku bai furta kalma ɗaya da yarenmu ba, in ba wadda yake yi wa kansa yana aiki ba. In ya yi sa'a waya ta shiga ya kira matarsa Nei Aroita, rabin maganar tsinkewa take yi, sauran rabin kuma labarin rufin da ke yoyo ne da ruwan gishirin da ya sake shiga rijiya. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, irin wanda namiji ba ya iya faɗa wa matarsa don kada ta ce ya zama rago. Ya koma yana shiga ɗakin abinci kafin kowa, ya haɗiye abin da aka zuba masa cikin minti biyar, ya fice.

Kukun jirgin ne ya lura. Sunansa Efren, wani gajeren siriri ɗan garin Iloilo a Filifin da ya haura hamsin, mai yi wa tukwanensa faɗa kamar suna jin sa. Wata rana ya tare ƙofa da ludayi a hannu, ya ce wa Karotu ya koma ya zauna, girkinsa ba magani ba ne da za a haɗiye a ruga. Ya ƙara masa shinkafa, ya ɗora masa kan kifi guda da ya ɓoye a gefe, ya zubo gahawarsa ya zauna yana fuskantarsa. Turancinsu su biyun na aiki ne kawai, amma ya isa a yi wa juna tsiya.

"Ƙato, don Allah ka riƙa bi ta tsakiyar jirgi," in ji Efren. "In ka tsaya gefe ɗaya miyata karkacewa take yi a tukunya."

"Kai kuma ka daina fita waje in ana iska," Karotu ya ce. "Ba mu da igiyar ɓatawa wajen ɗaure ka."

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Kullum da rana, in sauran sun watse, sai su yi rabin awa a teburin kusa da ƙofar kicin. Efren ya nuna masa hotunan 'ya'yansa mata uku har Karotu ya haddace sunayensu, shi kuma ya kwatanta masa yadda muke haƙa rami har mu tarar da ruwa mu shuka babai, gwazarmu da ke shekara da shekaru kafin ta isa tona. Efren irin mutanen nan ne da ba su iya nuna ƙauna ba sai da ludayi. Yau wainar shinkafa mai danƙo, gobe ayaba soyayya an barbaɗe ta da sukari, jibi kofi cike da madara mai kauri. Karotu ya ci ya suɗe. Wannan rabin awa ita ce yake tashi dominta da safe.

A wajenmu ba a mayar da abinci. Wanda ya miƙo maka kwano kansa ya miƙo maka, in ka ce ka ƙoshi ko ka ce a rage, ka gaya masa ne ba ka yi da shi. Tun muna ƙanana ake shan duka a kan wannan. Na taɓa ganin tsoho ya ci abinci a gida huɗu a jere cikin yini guda, yana gumi yana godiya, ya gwammace cikinsa ya fashe da a ce ya ƙi hannun wani. Baƙi suna yaba mana halin, suna cewa muna da kirki, amma ba su ne ke kwana da cikin ba.

Wata biyu da fara zaman nan nasu Karotu ya ga ƙishirwa ta dame shi. Ya sha ruwa ya sha lemo, bakinsa a bushe. Yana tsakiyar fenti sai ya ajiye buroshi ya nufi banɗaki, ya dawo, ba a jima ba ya sake komawa. Tafin ƙafarsa ya koma kamar yana taka auduga. Wata Lahadi da suka tsaya a Brisbane ya bi motar da ke kai ma'aikata gidan hutun matuƙa jirgi, don ya samu waya mai kyau ya kira gida. A can ya tarar da wata tsohuwar nas ta kafa tebur tana gwada jini kyauta. Ta yafito shi, shi kuma da ba ya iya cewa a'a ya miƙa yatsa. Ta dubi lambar da ta fito, ta dube shi, ta sake gwadawa a ɗaya hannun. Ta rubuta lambar a takarda ta ja layi biyu a ƙarƙashinta, ta ce masa ciwon sukari ne kuma ya yi nisa, ya bar shinkafa da lemo da farin burodi da duk wani abin zaƙi daga yau, ya kuma gaya wa mai kula da magani a jirginsu ba tare da ɓata lokaci ba.

Karotu ya san ciwon. Babu zauren gari a tsibiranmu da ba za ka ga mai ƙafa ɗaya da ciwon ya cinye ɗayar zaune a jingine da ginshiƙi ba. Amma abin da ya fi tsorata shi takardar lafiya ce. Kowane ma'aikacin jirgi sai likita ya sa masa hannu kafin ya hau, kuma wanda aka rubuta wa bai dace da aiki ba, to shi da teku sai kallo daga baki. In hafsa na biyu, mai riƙe da akwatin magani, ya ji labari, kyaftin zai ji, a tashar gaba za a sauke shi. Kuma a tudu shi wane ne? Bishiyar kwakwa ta fi ƙarfinsa yanzu, kwale-kwale ya manta tuƙinsa, mutum goma sha bakwai ke ci daga tukunyar gidansa, kuma bai san wata sana'a ba sai ta jirgi. Sai ya tuna dabarar da kowane ma'aikacinmu ya sani, wato kwana uku kafin gwajin likita a bar shinkafa da shayi a zauna kan kifi zalla. Ya ce a ransa in kwana uku na rufa asiri, wata biyar da suka rage masa za su warkar da shi ɗungurungum. Ya ninke takardar ya cusa ta cikin Littafi Mai Tsarki, bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Washegari da rana Efren ya dire masa faranti, shinkafa ta yi tozo, ga waina biyu a gefe. Karotu ya buɗe baki zai ce a rage, ya dubi fuskar mutumin yana jiran yabo, maganar ta ƙi fita. Ya ci. Haka ya yi ta ci har mako guda, kowace loma yana jin kamar yana haɗiyar laifi. A ƙarshe ya samo mafita irin tamu, wadda ba sai an ce wa kowa a'a ba. Ya ce wa Efren ɗakin yana masa zafi, yana so ya riƙa ci a waje cikin iska kamar yadda muke yi a gida. Efren ba ya iya barin kicin da rana, sai ya ce to, ya ƙara masa cokali biyu don hanya.

Karotu ya riƙa ɗaukar farantinsa zuwa can bayan jirgi, ya raɓe a bayan injin naɗe igiya inda ba mai ganin sa daga sama. Ya tsince kifi ko nama da ɗan kabejin da ke ciki ya ci, ya duba hagu da dama, ya juye shinkafa da waina cikin kumfar da jirgi ke bari a baya. Ya goge farantin tas ya mayar. Efren ya ga faranti yana dawowa kamar an wanke, ransa ya yi fari, ya ƙara zubi. In ya tambaya yaya wainar yau, Karotu ya yaba masa wainar da bai ɗanɗana ba, har da cewa ta fi ta jiya laushi. Wandonsa ya fara yi masa yawa, ƙishirwar ta ɗan ragu. Amma rabin awar nan ta tafi. Don kada ya ɓata wa abokinsa rai ya daina zama da shi, ya koma cin abinci shi kaɗai da tsuntsayen teku da suka gane lokacin.

Wata biyu ana haka. Ranar da asiri ya tonu suna kan hanyar dawowa daga Singafo, Efren ya samo kwakwa ɗanya a kasuwar can. Ya tuna Karotu ya taɓa ce masa ƙamshinta ne ƙamshin gidansu, sai ya hana kansa hutu ya kankare ta da hannu, ya yi masa waina ta musamman a cikin ganyen ayaba. Ya zuba masa, ya bar shi ya fita, sannan ya kashe wuta ya ɗauki gahawarsa ya bi shi, yana so ya ga fuskarsa in ya kai lomar farko. Ya zagayo injin daidai lokacin da Karotu ya miƙa hannu bisa ƙarfen gefe yana karkaɗe farantin. Ganyen ayaban ya yi ta juyi a iska kafin ya faɗa ruwa.

Suka tsaya cak suna kallon juna.

"Tun yaushe?" Efren ya tambaya.

"Wata biyu."

"Ba daɗi ne?"

"Da daɗi."

"To me ya sa?"

Karotu ya sunkuyar da kai. In ya faɗi gaskiya, kicin wuri ne da kowa ke shiga, kafin yamma labari zai hau sama. Efren ya jira, da ya ga ba amsa sai ya karɓi farantin daga hannunsa a hankali ya juya ya tafi.

Daga ranar ba a sake jin ana kiran Ƙato a jirgin ba. Karotu ya bi layi kamar kowa, a zuba masa ludayi ɗaya kamar kowa, Efren idonsa na kan tukunya. Bai gaya wa sauran abin da ya gani ba, kuma bai zage shi ba, da ma ya yi da abin ya fi sauƙi. Ga shi dai an rage masa shinkafa kamar yadda yake so tun farko, ba tare da ya roƙa ba, amma ko kabejin ba ya wucewa a maƙogwaronsa. Ya ci gaba da zuwa bayan jirgi don bai san inda zai zauna ba. Kwana ashirin ya yi ba wanda ya yi masa maganar da ba ta aiki ba.

A cikin kwanakin ne takalmin aiki ya yi masa bororo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu. Bai yi masa zafi ba, abin da ya yaudare shi ke nan. Ya fashe, ya zama miki, ya naɗe shi da tsumma ya mayar da takalmi. Sai da ya fara jin wari in ya cire safa, gefen yatsan kuma ya fara baƙi, sannan hankalinsa ya tashi. Amma ba ƙafar ce ta kai shi kicin ba. Ya gaji ne da shirun, ya ga in aka ƙara mako guda haka zai haukace.

Ya yi yadda muke yi in za mu ba da haƙuri, ba a zuwa hannu wofi. Ya sayi kwalin taba a kantin jirgi, ya zaro takardar nas ɗin, ya jira ƙarfe uku na rana lokacin da kicin ba kowa sai mai shi. Ya tarar da Efren yana ferar dankali. Ya ajiye tabar a gabansa, ya ɗora takardar a kai, ya ja baya ya tsaya. Efren ya goge hannu ya ɗauka ya karanta. Ya daɗe yana kallon lambar nan mai layi biyu, sannan ya jawo bokiti ya kife ya zauna a kai.

"Wata nawa ina ɗura maka guba da hannuna, kana ce mini na gode," ya ce. "Wane irin mutum ne kai? Kalma ɗaya ce fa. Efren, rage. Shi ke nan."

"A garinmu ba a faɗar ta."

"To a garinku da me kuke mutuwa, kunya?"

Yana cikin faɗan idonsa ya kai ga yadda Karotu ya ɗage ƙafar hagu daga ƙasa. Ya ce ya cire takalmin. Karotu ya ƙi, Efren ya durƙusa ya kwance igiyar da kansa. Ya warware tsumman ya duba mikin. Sai ya ce haka ta mahaifiyarsa ta fara, daga yatsa, kuma su ma sun yi ta naɗe ta da tsumma suna jiran ta warke.

A nan ne Karotu ya yi bubuti. Mu duka mun san nauyin kalmar. Roƙo ne da ba a mayarwa. In ɗan'uwa ya zo ya ce maka ya yi bubuti a kan rigar da ke jikinka, tuɓewa za ka yi, kuma ba a yin sa sai ga wanda aka ɗauka jini ɗaya. Shekara ashirin da uku Karotu ne ake yi wa. Agogonsa ya tafi ta haka, da rediyo, da babur, da kwanon rufin da ya saya don nasa ɗakin, bai taɓa ɗaure fuska ba. Shi kuwa bai taɓa yi wa kowa ba a rayuwarsa. Ya kama hannun Efren da hannu biyu, ya faɗi kalmar da yarenmu, sannan ya fassara masa iyakar iyawarsa. Ya ce wata biyu da 'yan kwanaki suka rage masa, ya rufa masa asiri, ya riƙa dafa masa abin da ya dace a ɓoye, in ya isa gida zai nemi magani.

"Ka zama ɗan'uwana," ya ce. "Shi ya sa na roƙe ka da wannan. Ba a ƙin sa."

"Ni zan ƙi," in ji Efren. "Ƙafar nan ba za ta kai wata biyu ba."

Ya zare hannunsa, ko rigar girki bai cire ba, ya hau matakala zuwa ɗakin hafsa na biyu. Karotu ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana jin takunsa har ya ɓace. Bai taɓa jin an ƙi bubuti ido na ganin ido ba, kuma bai san inda zai ajiye abin a zuciyarsa ba. Kunya ta fara rufe shi, daga baya fushi ya biyo.

Sauran ya tafi da sauri. Hafsa na biyu ya duba ƙafar, ya yi magana da likita ta rediyo, kyaftin ya sauko da kansa ya dafa kafaɗarsa ya ce ya kwanta kada ya sake taka ta. Kwana biyu suka rage su isa Auckland, ya yi su a ɗakinsa yana kallon rufi. Da suka ɗaure jirgi da hantsi motar wakilin kamfani na jira a ƙasa. Ma'aikata suka taru a bakin tsani suna ba shi hannu, biyu suka ɗaukar masa jaka. Efren ne na ƙarshe a layin, riƙe da kwanon roba an ɗaure shi da farin ƙyalle, tururi na fita ta gefen murfin.

"Ƙato," ya ce, "ba shinkafa, ba sukari. Na tambayi likitan abin da ya dace. Ka ci a mota tun da ɗuminsa."

Karotu ya dubi kwanon. Hannayensa suka so ɗagowa da kansu, ya danne su a jikinsa.

"A'a," ya ce. "Ba na so."

Shekararsa arba'in da uku, kuma wannan ne karo na farko da ya ƙi abinci daga hannun mutum. Ya juya ya sauka tsanin yana ɗingishi, bai waiwaya ba. Sai da mota ta tashi ya ɗaga ido ta gilashi, ya hango Efren a inda ya bar shi, hannunsa a miƙe har yanzu.

A asibiti suka cire yatsan. Likitan ya gaya masa da ya ƙara mako biyu a cikin takalmin nan, daga gwiwa za a yanke. Karotu ya ji maganar amma ba ta shige shi ba, don fushin bai bar mata wuri ba. Ya koma gida, aka rubuta masa abin da yake gudu, bai sake hawa jirgi ba. Ya kwashe Nei Aroita da yara daga Betio suka koma Nonouti, inda kanti ke nesa kuma kifi ke kusa. Ya rame har tsofaffi suna ta zagin kamfanin da ya hana shi abinci. In ruwa ya janye yakan ɗauki komar kamun kifi ya bi kan duwatsun bakin teku, ya yi tafiyar awa biyu ya dawo.

Fushin ya kai shekara kafin ya sake shi, kuma da ya tafi nadama ce ta zauna a gurbinsa. Sai a lokacin ya lura bai san sunan mahaifin Efren ba, ba shi da lambarsa, ko sunan ƙauyensu bai tambaya ba. Ya san sunayen 'ya'yansa uku, ya san yadda yake son gahawarsa, shi ke nan. Ya sa aka rubuta wa kamfanin, ba a amsa ba. Tun daga nan duk ma'aikacin jirgin da ya zo hutu tsibirin, Karotu zai je ya zauna a gefe har baƙi su ragu, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa haɗuwa da wani kuku ɗan Iloilo, gajere, siriri, mai suna Efren. Yawanci dariya suke yi, su ce masa kukun Filifin mai suna Efren ai ya fi kifin da ke cikin tafkin Nonouti yawa.

Bara wani daga cikinsu, mai suna Burentau, bai yi dariya ba. Ya ce bai san shi ba, amma teku ba ta kai faɗin da ake zato ba, in Allah ya haɗa su me zai ce masa?

"Ka ce masa da ƙafafuna biyu nake tafiya," in ji Karotu. Sannan ya ƙara, "Ka kuma tambaye shi me ya zuba mini a kwanon nan."